Wa Zai Ba Da Shaidar Aikinka Idan Ba Ka Wurin?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi magana da matasan ma'aikata da masu neman aiki a kan wata magana da ta zama ruwan dare a bakinsu, wai aiki da ƙarin girma sai kana da hanya. Maganar tana damuna ƙwarai, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, kuma wannan 'yar gaskiyar ce take sa mutane masu ƙwazo su naɗe hannu. Alfarma tana nan, ba mai musu. A ɗauko wanda bai iya ba a ɗora shi a kan wanda ya iya saboda ɗan wane ne, wannan zalunci ne. Amma akwai wani abu daban da ake haɗawa da ita a yi musu kuɗin goro, wato samun mutanen da suka ga aikinka da idonsu, suka yarda da kai, kuma za su iya faɗin haka a ɗakin da ba ka ciki. Wannan ba a gadonsa, gina shi ake yi, kuma wanda ba shi da kowa ma yana iya ginawa idan ya san yadda ake yi.

Mai ɗaukar ma'aikaci a tsorace yake. Takardar shaidar karatu tana nuna ka ci jarrabawa, amma ba ta nuna ko kana cika alkawari, ko kana karɓar gyara, ko za a iya barin ka da kuɗi da sirri. Intabiyu ta minti talatin ma ba ta nunawa. Idan ya yi kuskuren ɗauka, shi zai kwashe watanni yana gyaran ɓarna. Shi ya sa yake ɗaga waya ya tambayi wanda ya taɓa aiki da kai. Haka kwamitin ƙarin girma yake: ana kiran sunanka, sai a waiwayi wanda ya san ka. Idan aka yi shiru, an wuce ka ke nan, ko da babu mai ƙinka.

Yawanci mutum yana zaton aminansa ne za su kawo masa damar aiki. Bincike ya nuna ba haka abin ya fi faruwa ba. Masanin zamantakewa ɗan Amurka Mark Granovetter ya bibiyi ma'aikata 282 a garin Newton da ke kusa da Boston, ya tarar fiye da rabinsu ta bakin wani mutum suka samu aikin da suke yi. A sakamakon da ya fitar a 1973, cikin waɗanda ya yi hira da su a kan wanda ya ba su labarin aikin, kimanin kashi 17 cikin ɗari ne kawai suke ganin mutumin a kai a kai. Kimanin kashi 56 jefi-jefi suke haɗuwa da shi, kusan kashi 28 kuwa sau ɗaya a shekara ko ƙasa da haka. Dalilin a fili yake. Amininka inda kake zama nan yake zama, abin da ka ji shi ma ya ji. Tsohon abokin karatun da ya koma wata ma'aikata, ko wadda kuka taɓa zama a kwamiti ɗaya, su ne suke jin labarin da ba ya zuwa kunnenka.

An sake gwada wannan a LinkedIn, dandalin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, da mutane kusan miliyan 20 cikin shekara biyar, aka buga sakamakon a mujallar Science a 2022. Abin da ya fito yana da amfani ga mai aiki da shi. Sanin sama-sama ya fi amincin ƙut-da-ƙut kai mutum ga sabon aiki, amma yana da iyaka. Wanda ba abin da ya haɗa ku sam bai cika amfani ba. Matsakaici ne ya fi, irin mutumin da kuke da abokai kamar goma da kuka yi tarayya a kansu. Kuma a sana'o'in da ba su dogara da fasahar zamani sosai ba, makusanta sun fi yin tasiri. Saboda haka tara sunaye dubu biyar a waya ba shi ne aikin ba.

Matakin farko takarda da biro ne. A ja layi huɗu: sunan mutum, inda yake aiki da abin da yake yi, yaushe rabon da ku yi magana, da abin da kai za ka iya yi masa. A rubuta suna talatin zuwa hamsin, malaman da suka koyar da kai, tsofaffin shugabanni, abokan karatu, abokan ciniki, waɗanda kuka yi horo tare. Kada a zarce da yawa. Wani masani ɗan Birtaniya, Robin Dunbar, ya ƙiyasta cewa mutum yana iya riƙe hulɗa mai ma'ana da mutane kamar 150 ne gaba ɗaya, har da dangi da abokai, don haka rabon aiki a ciki ba shi da yawa. In an gama, sai a dubi jerin a yi tambaya ɗaya: su waye a nan ba su san juna ba? Idan kowa ya san kowa, duk daga sashe ɗaya, makaranta ɗaya, shekaru ɗaya, to labari ɗaya ne yake zagayawa a tsakaninku. Ronald Burt na Jami'ar Chicago ya nuna a 2004, a binciken manajojin wani babban kamfanin kayan lantarki, cewa waɗanda hulɗarsu ta ratsa sassa daban-daban sun fi kawo shawarar da shugabanni suka yaba, kuma sun fi samun ƙarin girma da albashi. Injiniyan da yake zama da akanta da mai tallan kaya yana ganin matsalar da sauran injiniyoyi ba su gani.

A cikin jerin za a ga sunayen da aka yi shekaru ba a gaisa ba, kuma kunya ce take hana a taɓa su. A daure a taɓa. A wani bincike da Daniel Levin da abokan aikinsa suka fitar a 2011, an sa manyan ma'aikata su nemi shawara a wurin mutanen da suka yi aƙalla shekara uku ba su yi magana ba, sai shawarar ta zo da sabbin abubuwa fiye da ta waɗanda suke tare da su kullum. Tsohuwar yarda tana nan, ga sabon ilimin da mutumin ya tara a bayan rabuwa. Sai dai a faɗi gaskiya tun a layin farko. Doguwar gaisuwa ta kwana uku wadda buƙata take ɓoye a ƙarshenta tana sa mutum ya ji an yi masa dabara. Ya fi a ce an daɗe ba a gaisa ba, ga abin da ya sa na tuna da kai, ga tambayata.

Duk wannan kuwa a kan aikin hannunka yake tsaye. Mutanen da suka fi tasiri a makomarka su ne waɗanda kuke ofis ɗaya yanzu, domin su za a tambaya nan da shekara biyar. Abu uku suke riƙewa. Ko ka kawo aiki a ranar da ka ce. Ko ka sanar da wuri idan ka ga ba za ka cika wa'adi ba, kwana biyu kafin ranar, ba da safiyarta ba. Da ko ka ambaci sunan wanda ya taimaka maka lokacin da ake yabon aikin. Na ukun nan arha ne, amma mutane suna ƙyashinsa, alhali babu abin da yake saya wa mutum masoya a wurin aiki kamarsa. Kuma kada ido ya tsaya a sama kawai. Sakatariya, ma'aji, mai kula da sito, mai gyaran kwamfuta, direba, su suka san yadda takarda take tafiya da inda take maƙalewa, kuma shugabanni suna jin ra'ayinsu fiye da yadda ƙananan ma'aikata suke tsammani. Wanda yake rusuna wa darakta ya daka wa masinja tsawa, kowa yana ganinsa, har daraktan.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wurin tuntuɓar babban mutum da ba a saba da shi ba, don haka zan ɗan daɗe a nan. Saƙo iri biyu ne ba a amsawa. Na farko sallama kaɗai, a tura a zauna jiran amsa kafin a faɗi abin da ake so. Na biyu shi ne "a taimaka mini da aiki" haɗe da takardar CV, wato taƙaitaccen tarihin karatu da aikin mutum. Wanda aka aika wa ba mugu ba ne. Ba shi da gurbi a aljihunsa, bai san me ka iya ba, kuma ba ya son ya ce a'a, sai ya yi shiru. An ba shi nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Saƙon da ake amsawa gajere ne, layi biyar ko shida, yana ɗauke da ko kai wane ne, yadda ka san da shi, tambaya ɗaya takamaimai, da lokacin da kake roƙo. Misali:

"Ranki ya daɗe, barka da aiki. Ni akanta ne, shekarata uku a sashen biyan albashi. Na saurari bayanin da kika yi a taron ƙara wa juna sani a kan binciken kuɗi na cikin gida, kuma ina son komawa wannan fanni. Ina tsakanin jarrabawar ƙwarewa biyu, ban san wadda ta fi dacewa in fara da ita ba. Ko zan samu minti goma sha biyar ta waya a ranar da ta yi miki? Idan lokaci bai ba da dama ba, amsar layi biyu ma ta wadatar."

Wadda aka aika wa wannan saƙo tana iya amsa shi tsakanin taro da taro. Idan mako ɗaya ya wuce shiru, a tuna mata sau ɗaya cikin ladabi. Idan aka sake yin shiru, a bar ta, kada a bi ta da kira, kada kuma a riƙe ta a zuci. Cikin mutum goma da aka rubuta wa, ko uku suka amsa an ci riba.

Idan an samu ganawar, a zo da tambaya uku a rubuce, waɗanda ba a samun amsarsu a intanet. Wane kuskure sababbin shiga suka fi yi a wannan fanni? Me kuke dubawa a takardar mai nema kafin ku kira shi? Da kina matsayina yau, me za ki fara koya? A riƙe biro ana rubutawa. Minti goma sha biyar na cika, kai za ka fara cewa lokaci ya yi, in ta so ƙarawa ita za ta faɗa. Kafin sallama a tambaya ko akwai wani da take ganin ya kamata a ji ta bakinsa, domin ta nan mutum ɗaya yake zama uku. A aika godiya kafin kwana ɗaya ya wuce. Sannan abin da kusan kowa yake mantawa, wanda kuma shi ne ginshiƙin abin: bayan wata ɗaya ko biyu a koma mata da labari. Na yi rajistar jarrabawar da kika ce, na gana da wanda kika tura ni wurinsa, ga abin da ya faru. Manya da yawa sun gaji da ba da shawarar da ba su sake jin ɗuriyarta ba. Wanda ya dawo da rahoto ya nuna irin ma'aikacin da zai zama, ba tare da ya roƙi komai ba, kuma ranar da gurbi ya buɗe sunansa ne a kusa.

A nan ya kamata a bambance mutum biyu. Akwai mai ba ka shawara, akwai mai tsaya maka. Na farko yana magana da kai, yana ba ka lokacinsa. Na biyu yana magana a kanka a wurin da ake yanke hukunci, yana sa sunansa a jingina, domin in ka gaza shi za a kalla. Herminia Ibarra da abokan aikinta sun rubuta a mujallar kasuwanci ta Harvard a 2010 cewa mata ma'aikata suna samun masu ba da shawara da yawa, amma suna ƙarancin masu tsaya musu, kuma wannan na cikin abin da yake jinkirta musu ƙarin girma. Ba a zuwa a ce wa mutum ya tsaya maka. Ana samunsa ne ta aikin da ya gani da idonsa: shiga kwamitin da ya haɗa sassa, karɓar aikin da wasu suke gudu amma yake da muhimmanci a wurin shugabanni, da aika wa shugabanka taƙaitaccen rahoto duk wata ko duk wata uku, mai nuna abin da aka kammala da lambobinsa. Sannan a faɗa masa inda ake son zuwa a fili. Shugabanni da yawa ba su san ma'aikacinsu yana son wani matsayi ba sai bayan an ba wani. Kuma kada a rataya duka rayuwar aiki a wuyan ubangida ɗaya. Yana iya yin ritaya, a canza masa wuri, ko ya saɓa da na sama, sai a wayi gari duk wanda aka sani da yaron wane an ajiye shi a gefe. Mutum biyu ko uku a wurare daban-daban sun fi.

Shaidar neman aiki ma tana da ƙa'ida. Ba a sa sunan mutum a takarda sai da izininsa, kowane karo. A ba shi mako biyu in da hali, a tura masa sanarwar aikin, da takardar CV ta yanzu, da ayyuka biyu ko uku da kuka yi tare don ya tuna. A tambaye shi kai tsaye ko zai iya ba da shaida mai ƙarfi. In ya yi jim, a gode masa a nemi wani, domin shaida mai sanyi-sanyi ta fi rashinta illa. Haka idan za ka haɗa mutum biyu, ka tambayi kowannensu tukuna. Ba da lambar wayar wani ba da saninsa ba yana rufe ƙofar da aka daɗe ana buɗewa.

Taruka da ƙungiyoyin ƙwararru ba sai na tsawaita ba. A duba jerin masu jawabi tun kafin ranar, a zaɓi mutum uku, a yi magana ta gaske da su, a rubuta musu cikin kwana biyu ana ambaton abin da aka tattauna. Raba katin suna da lambar waya har hamsin ɓata kati ne. Wanda ya karɓi aikin rubuta bayanan taro ko rajistar baƙi a ƙungiyarsa ya fi wanda ya zauna a layin gaba sanin mutane.

Matashi zai ce, ni me nake da shi da zan ba babba? Yana da abubuwa. Ya fi shi sanin sabuwar manhaja, yana iya tura masa rahoton da ya shafi aikinsa da layi biyu na abin da ke ciki, yana iya nuna masa ƙwararren matashi idan yana neman ma'aikaci, yana iya taya shi shirya takardun jawabi. Sa'o'inka kuwa, waɗanda kake rainawa yau, nan da shekara goma sha biyar su ne shugabannin sassa. Ka tura musu sanarwar aikin da bai dace da kai ba, ka duba musu takarda, ka yi musu gwajin intabiyu. Zumunta a ƙafa take, ta aiki ma haka. Awa ɗaya a mako ta isa: saƙo biyu ko uku, kira ɗaya, da sabunta jerin nan. Mutanen da suka fi muhimmanci kada a wuce wata uku ba a gaisa ba, saura sau ɗaya ko biyu a shekara.

Akwai iyakokin da in aka ƙetare su sanayya ta koma abin da muke kuka da shi. Kyauta ga wanda takardarka take kan teburinsa cin hanci ce, ko da wane suna aka kira ta. Kwasar sirrin ma'aikatarka ka kai wa wani don ya so ka yana nuna masa abin da za ka yi masa gobe. Gulma tana haɗa mutane da sauri, amma wanda kuka ci naman wani tare ba zai ba da shaidarka ba, ya san bakinka. Ga 'yan'uwa mata, da duk wanda yake ƙasa da wani a matsayi, ganawar aiki a lokacin aiki take, a ofis ko a bainar jama'a, kuma a ajiye saƙonni a rubuce. Duk babban da ya mayar da taimako abin ciniki da mutunci, a janye daga gare shi, a adana shaida, a kai ƙara inda dokar wurin aikin ta tanada. Laifin nasa ne, ba na wadda ta nemi shawara ba.

Ranar barin aiki ma ranar gini ce ko rushewa. A ba da sanarwa gwargwadon abin da takardar ɗaukar aiki ta ce, a rubuta bayanin miƙa aiki dalla-dalla, ayyukan da ba a gama ba, inda fayiloli suke, wanda ake jira ya amsa, a mayar da kayan ofis, a yi sallama da kowa har wanda ba a jituwa da shi. Mutane suna manta shekara huɗu na ƙwazo idan makon ƙarshe ya bar su cikin ruɗani.

Ina da roƙo ga manya masu karanta wannan jarida, shugabannin ma'aikatu da kamfanoni. Idan matashi ya rubuto muku saƙo mai tsari, ku amsa ko da layi biyu ne, ko da amsar ita ce ba ku da lokaci. Ku ware rabin awa a wata don wanda ba ɗan kowa ba, wanda ba daga makarantarku ko sashenku ya fito ba. Ku riƙa sanar da guraben aiki a fili da sharuɗɗansu, kuma wanda aka kawo muku sunansa ya bi ta intabiyu da gwaji iri ɗaya da kowa, shaidar da aka ba shi ta zama ƙarin bayani ga kwamiti kawai. Haka nan kuma ina roƙon Edita ya duba yiwuwar ware shafi, ko sau ɗaya a wata, inda ƙwararru a fannoni daban-daban za su riƙa amsa tambayoyin masu tasowa.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jaridarku albarka.

Wassalam,
Mai karatunku a kullum.